Na gama bincike a kan gawo da hatsi: yaya zan bayyana shi ga manoma, da hukuma, da masu sauraron rediyo?

TAMBAYA

Malam, ina gaishe ku tare da fatan alheri. Ni ɗaliba ce a Jami'ar André Salifou da ke nan Zinder, kuma na kammala bincikena na digiri na biyu a kan yadda itacen gawo ke shafar amfanin hatsi a wasu gonaki na yankin Mirriya da Matamaye. Abin da na samu shi ne hatsin da ke ƙarƙashin gawo ya fi na fili yin kyau a yawancin gonakin da na auna, amma ba a dukkansu ba, kuma bambancin bai zo daidai ba tsakanin damunar farko da ta biyu. Na kare kundina da Faransanci a gaban malamaina lafiya lau. Yanzu wani gidan rediyo ya gayyace ni, jami'an gidan gona da na gandun daji sun nemi in yi musu bayani, sannan mutanen garuruwan da na yi aiki a gonakinsu suna jiran in koma. Damuwata ita ce idan na sauƙaƙa maganar sai in ji kamar ina faɗin abin da ba gaskiya ba, idan kuma na faɗe ta yadda take a kundi babu wanda zai fahimta. Ku taimaka mini da shawara.

AMSA

Ƴata, Allah ya sanya albarka a karatunki. Wannan damuwa da kike ji alama ce mai kyau, domin wanda bai damu da gaskiyar abin da zai faɗa ba, ba ya tsayawa ya yi irin wannan tambaya. Abin da nake so ki riƙe tun daga farko shi ne cewa akwai abin da ba ya canzawa ko da wa kike magana, akwai kuma abin da dole ne ya canza. Wanda ba ya canzawa shi ne sakamakon da kika samu tare da iyakarsa. Wanda ke canzawa shi ne inda za ki fara, da ma'aunin da za ki yi lissafi da shi, da abin da za ki ajiye sai an tambaye ki. Mai raba wannan da wancan kuwa tambaya ɗaya ce da ya kamata ki yi wa kanki kafin kowane zama: wannan mutum da ke gabana, wace shawara zai yanke bayan ya saurare ni? Manomi zai yanke shawarar ko ya bar tohon gawo a gonarsa lokacin sassabe ko ya sare shi. Jami'in gandun daji zai yanke shawarar inda zai tura ma'aikatansa da ɗan kuɗin da ke hannunsa. Mai sauraron rediyo a kasuwa ko a kan babur wataƙila ba zai yanke komai ba yau, amma zai maimaita wa wani abin da ya ji, saboda haka abin da ya ɗauka ya zama wanda ba zai cutar ba idan ya yaɗu.

Kafin ki je ko'ina, ki zauna ki rubuta wa kanki jimloli uku da Hausa, ba tare da kin buɗe kundin ba. Ta farko ta faɗi abin da kika gano, ta biyu ta faɗi inda hakan ya tabbata da inda bai tabbata ba, ta uku ta faɗi abin da bincikenki bai isa ya amsa ba. Idan jimlolin sun gagara, matsalar ba ta harshe ba ce, alama ce cewa akwai sauran tunani da ba a gama ba. Waɗannan jimloli uku su ne za su bi ki fadar mai gari, da ofis, da gidan rediyo, kuma duk bayanin da kika yi wanda ya saɓa wa ɗaya daga cikinsu ya fita daga sauƙaƙawa ya shiga ɓata gaskiya.

Akwai wani rami da masu binciken itatuwan gona suke yawan faɗawa ciki, kuma ina so ki gan shi da kyau tun yanzu. An daɗe da auna amfanin hatsi a ƙarƙashin gawo, kuma tun a shekarun 1960 masu bincike a Bambey ta ƙasar Senegal suka samu cewa kusa da gindinsa amfanin na iya ninkawa fiye da sau biyu. Daga nan sai magana ta fita cewa gawo na ninka hatsi. To amma wannan ƙari a ƙarƙashin rassan itacen kawai yake, ba a gona duka ba. Mu ƙaddara, don misali kawai, cewa rassan gawon da ke wata gona sun rufe kashi ɗaya cikin goma na faɗinta, kuma a wannan kashi amfanin ya ninka. Gonar da ke ba da dami 30 za ta ba da dami 33 ne, ba 60 ba. Dami uku ba ƙaramin abu ba ne ga mai iyali a watan da rumbu ya yi ƙasa, balle a haɗa da ƴaƴan gawo na dabbobi da itacen girki, amma manomin da aka yi wa alkawarin 60 ya ga 33 ba zai sake sauraron ɗalibar jami'a ba, ke ko wadda za ta zo bayanki. Jimlar "gawo na ninka hatsi" gajera ce mai daɗin ji, kuma ƙarya ce. Jimlar "hatsin da ke gindin gawo ya fi na fili, kuma yawan gawon da ke gona shi ke nuna yawan ƙarin da za a gani a rumbu" ita ma gajera ce, yaro ma zai fahimce ta, kuma gaskiya ce. Aikinki duka shi ne neman jimloli irin ta biyun.

Ba zan daɗe a kan ƴan'uwanki masu bincike ba, tunda kin riga kin tsaya a gabansu. Su abin da suke nema shi ne hanyar da kika bi: gonaki nawa, yadda kika zaɓe su, nisan da kika auna daga gindin itace, da yadda kika raba tasirin itacen da na dabbobin da ke kwana a inuwarsa da rani suna zubar da kashi. Ki shirya wa tambaya guda da lalle za ta zo idan kika aika aikinki wata mujalla. Masu bincike a cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa ICRISAT da ke Sadoré kusa da Yamai sun nuna a farkon shekarun 1990 cewa gawo ya fi kamawa ya girma a wuraren da ƙasarsu ke da ƙarfi tun asali, kamar tsohon suri, wato wani ɓangare na albarkar da ake gani a gindinsa ta riga itacen zuwa. Wannan bai rushe amfanin gawo ba, amma yana nufin wanda ya auna damuna biyu ba zai iya cewa dukkan bambancin daga itacen ya fito ba. A gaban masana ki faɗi wannan da bakinki kafin su faɗa miki.

Zaman da ya fi kowanne nauyi shi ne na mutanen gari, kuma shi ne ɗalibai suka fi rainawa. Ki tuna cewa ba za ki je ki koya wa manomin Matamaye mene ne gawo ba. Ya san yana kakkaɓe ganyensa idan damuna ta kama, ya bar rana ta sauka a kan shuka, ya kuma tofu da rani lokacin da sauran itatuwa suka bushe. Ya san awaki da tumaki suna rububin ƴaƴansa. An daɗe ana ruwaito cewa sarakunan Damagaram na ƙarni na 19 sun hana sare gawo tare da hukunci mai tsanani, wanda ke nuna darajarsa ta riga zuwan makarantar boko ƙasar nan. Ko a zamaninmu, manoma ne suka riga masana. Sassaben zamani, wato barin tohon da ke fitowa daga kututture a rage masa rassa a rene shi, ya fara bazuwa a jihar Maraɗi tun 1983 da ƙoƙarin Tony Rinaudo ɗan ƙasar Ostireliya da manoman da suka yi aiki da shi, a yankinmu kuwa galibi manoma da kansu suka yi ta barin gawo a gonakinsu bayan farin shekarun 1970 da 1980. Sai a tsakiyar shekarun 2000 ne masu bincike irin su Larwanou Mahamane da Chris Reij da Gray Tappan suka haɗa hotunan jirgin sama da na tauraron ɗan'adam da ziyarar gonaki, suka gane girman abin da ya faru: kimanin hekta miliyan 5 a kudancin ƙasar sun sake samun itatuwa, daga ciki kusan hekta miliyan 1 a Magariya, Matamaye da Mirriya. Mutanen da suka yi wannan aiki su ne za ki zauna a gabansu, saboda haka ki shiga da ladabin wadda ta zo mayar da amana, domin gonakinsu kika auna, lokacinsu kika ci.

Abin da za ki ƙara musu shi ne abin da ido ba ya gani da abin da mutum ɗaya ba ya iya tarawa. Kowane manomi gonarsa ya sani, ke kuwa kin auna gonaki da yawa da ma'auni ɗaya. Kina kuma iya gaya musu dalilin abin da suka saba gani: cewa a jikin saiwar gawo akwai wasu ƙananan halittu da ke kamo sinadarin naitirojin daga iska, irin wanda ake saya da kuɗi a takin yuriya, ganyen da ya zuba kuma ya mayar da shi ƙasa, cewa babbar saiwarsa na nutsawa can ƙasa ta sha ruwan da hatsi ba ya kaiwa, shi ya sa ba ya ƙwace wa shuka ruwa kamar wasu itatuwa, da kuma cewa ɗan inuwar rassansa na rage zafin rairayin da ke ƙone shuka tana ƙarama. Wannan duka kimiyya ce cikakkiya, kuma babu kalma ɗaya a ciki da dattijon da bai taɓa shiga aji ba zai kasa ɗauka.

Ki bar kilo a kowace hekta a cikin kundi. Ki yi lissafi da dami da tiya da buhu, kuɗi kuma da jika. Tun kina gida ki mayar da alƙalumanki zuwa waɗannan ma'aunai, kina sane da cewa tiyar hatsi kusan kilo biyu da rabi ce, dami kuwa girmansa ya bambanta daga gari zuwa gari, don haka ki tambayi mutanen kowane gari tiya nawa daminsu ke bayarwa kafin ki faɗi adadi. Idan kina da zangarniyar da kika ajiye daga gindin gawo da ta fili a gona ɗaya, ki ɗauko su ki shimfiɗa a tabarma, a miƙa wa dattawa su juya su a hannu, su duba tsawo da cikar ƙwaya. Gani ya kori ji. Masu yaɗa buhun adana wake mai riɓi uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta inganta tare da cibiyar binciken noma ta ƙasa INRAN, sun fahimci haka tun da aka fara babban aikin yaɗa shi a 2007. Sirrin buhun shi ne leda biyu masu kauri a cikin buhun saƙa suna hana iska shiga, ƙwarin da ke huda wake su shanye ɗan iskar da ke ciki su mutu, ba tare da an zuba guba ba. Ba lacca aka yi wa mutane a kan wannan ba. An tara gari, manoma suka kawo wakensu aka zuba aka ɗaure a gaban kowa, bayan watanni aka sake taruwa aka kwance, kowa ya tsoma hannu ya ɗebo wake lafiyayye. Ke ba za ki iya nuna girman gawo a zama ɗaya ba, amma kina iya kai mutane gonar ɗaya daga cikinsu, mai gonar ya yi bayani da bakinsa, ke ki cike da abin da awo ya nuna.

Kada ki ɓoye gonakin da bambancin bai fito ba. Ki faɗa musu a fili cewa a gona kaza da kaza ba ki ga ƙari ba, a damuna ta biyu kuma abin bai kai na farko ba, sannan ki tambaye su me suke gani ya jawo haka. A nan ne za ki ji abin da babu shi a littattafan da kika karanta. Wani zai ce miki makiyaya sun sassare rassan wancan gawon da rani har bai zubar da ganyen kirki ba, wani ya ce tsuntsaye na sauka a kansa su cinye zangarniya, wani ya tuna miki cewa mai waccan gonar ya makara da noman farko. Wasu bayanan za su tabbata, wasu ba za su tabbata ba, amma a cikinsu za ki samu tambayar bincikenki na gaba. Faɗin inda abu bai yi aiki ba shi ne ke sa manomi ya yarda da ke a inda kika ce ya yi, domin shi da kansa ya san babu abin da ke yin daidai a kowace gona kowace shekara.

Ki kula da tsarin zaman. Ki fara da mai gari da liman, ki nemi lokacin da ba na kasuwa ba ne kuma ba na aikin gona ba, sannan ki yi wa mata zamansu daban, tunda a taron maza da yawansu ba za su yi magana ba, alhali su ke neman itacen girki, su ke tsintar ƴaƴan gawo, awaki kuma galibi nasu ne. Kasancewarki mace dama ce babba a nan, domin za ki shiga gidajen da abokan karatunki maza ba za su shiga ba. Kada kuma ki ɗauka cewa mata marasa karatun boko ba za su iya riƙe abin da bincike ya fitar ba. A nan Mirriya ne ƙungiyoyin agajin lafiya na BEFEN da ALIMA suka gwada koya wa iyaye mata auna damtsen ƴaƴansu don gano tamowa, da wata ƴar igiya mai launi uku: ja idan damtsen bai kai milimita 115 ba, rawaya daga 115 zuwa ƙasa da 125, kore daga nan zuwa sama. A gwajin da aka yi tsakanin 2013 da 2014, inda aka kwatanta yankin Dogo da na Takeita, an ga iyaye mata ba su gaza ma'aikatan lafiya na ƙauye ba wajen gano yaron da ke cikin haɗari, har ma suna kai yara likita da wuri. Lambobin da masana suka yi shekaru suna tantancewa suna nan daram a jikin igiyar, an dai mayar da su abin da uwa za ta duba ta san ko ta ɗauki ɗanta ta tafi.

Akwai tambayar da ba ta cikin kundinki amma za a yi miki ita a kowane gari: idan na rene gawon, nawa ne ko na gandun daji? Shekaru da yawa tsoron tara ya sa manoma suna kallon itacen gona a matsayin abin hukuma. Ki je da saninki cewa a ranar 30 ga Yuli 2020 gwamnati ta fitar da dokar da ta tsara sassaben zamani, wadda ta amince wa manomi haƙƙin amfana da itatuwan da ya rena a gonarsa bisa wasu sharuɗɗa. Ki karanta ta kafin ki tafi, in da hali kuma ki tafi da ma'aikacin gandun daji na yankin ya amsa da bakinsa, don kada ki yi alkawarin da ba ke za ki cika ba.

Ga jami'an gwamnati kuwa, tsarin kundi sai ki juya shi. Kundi yana farawa da tarihin matsala ya ƙare da shawarwari, jami'i kuma yana da taro uku a rana, don haka ki fara masa da shawarar, dalili ya biyo baya, hanyar bincike ta zo a ƙarshe ga mai son ƙarin bayani. Shafi ɗaya ya isa, da Faransanci tunda da shi ake aikin ofis, amma ki yi wani da Hausa, musamman yanzu da kundin sake gina ƙasa na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, kuma malaman gona da Hausa suke magana da manoma. Ki faɗi abin da kike ganin ya kamata a yi, a ina, wa zai yi, da abin da zai ci. Inda jami'ai suka fi zamewa shi ne lissafin kashi cikin ɗari, domin yana ƙara wa abu girma idan ba a faɗi tushensa ba. Misali mai kyau shi ne gwajin MORDOR da aka buga sakamakonsa a 2018, wanda aka yi a jihar Dosso da ƙasashen Malawi da Tanzaniya, inda ake bai wa yara ƴan wata 1 zuwa 59 maganin kashe ƙwayoyin cuta mai suna azithromycin sau biyu a shekara. A ƙasashen uku gaba ɗaya mace-macen yara ya ragu da kashi 13.5 cikin ɗari, a Nijar kuma da kusan kashi 18. Idan aka faɗi adadin farko ta ɗaya hanyar, daga mutuwar yara 16.5 cikin kowane 1,000 a shekara ne aka sauko zuwa 14.6, wato kusan yara biyu cikin dubu. Duka biyun gaskiya ne, kuma yara biyu cikin kowane dubu rayuka ne masu yawa a ƙasa mai miliyoyin yara, amma mai tsara kasafi yana buƙatar adadin biyu tare, da kuma gargaɗin da masu binciken da kansu suka yi cewa yawan raba maganin na iya sa ƙwayoyin cuta su daina jin sa. Ke ma idan kika ce amfani ya ƙaru da kashi kaza, ki biyo shi nan take da cewa daga tiya nawa zuwa tiya nawa, a faɗin ƙasa nawa, a damuna nawa.

Rediyo shi ne ya fi kai wa nesa, shi ne kuma ya fi haɗari, domin kunne ba ya komawa baya ya sake karanta layin da ya wuce, kuma mai sauraro na iya kunna akwatinsa a tsakiyar maganarki. Ki zaɓi saƙo ɗaya ki maimaita shi a farko da tsakiya da ƙarshe da kalmomi daban-daban, kada ki wuce adadi biyu a duk shirin, kuma kowace jimla mai muhimmanci ta ɗauki sharaɗinta a cikinta. Dalili shi ne a yau ana yanke minti ɗaya daga shiri a tura a WhatsApp, ya kai Tanut da Daura kafin dare, ba tare da bayanin da ya gabace shi ba. Idan kika ce "gawo na ƙara hatsi" a minti na uku kika ajiye "amma ba a kowace gona ba" sai minti na ashirin, to rabin farko kaɗai zai yi tafiya. Ki zauna da mai gabatar da shirin kafin a shiga, ki ba shi jimlolin nan uku, ki roƙe shi kada ya gabatar da ke a matsayin wadda ta gano maganin yunwa. In ana buɗe layi ga masu kira, ki amince, kuma idan an tambaye ki abin da bai shafi aikinki ba, kamar maganin tsutsar zangarniya ko farashin taki, ki ce wannan ba fanninki ba ne ki nuna inda za a tambaya, kamar gidan gona ko layin wayar manoma na RECA, wato haɗakar majalisun noma na ƙasa, da ke amsa tambaya da Hausa.

Batun rashin tabbas, wanda na ga shi ne ainihin abin da ke tsorata ki, ba baƙo ba ne ga mutanenmu. Kowace shekara kafin damuna cibiyar nazarin yanayi, ruwa da noma ta AGRHYMET da ke Yamai da ma'aikatun hasashen yanayi na ƙasashen yankin suna fitar da hasashe, kuma ba sa cewa za a yi ruwa da yawa ko kaɗan kai tsaye. Suna raba yiwuwa gida uku: ruwa sama da yadda aka saba, daidai, ko ƙasa da haka. Idan, a misali, aka bai wa gidan farko kashi 45, na biyu 35, na uku 20, mai rahoton da ya ce "bana za a yi ruwa sosai" ya zubar da fiye da rabin maganar, kuma idan damuna ta zo da ƙaranci mutane za su ce masana sun yi ƙarya alhali ba su yi ba. Da ya ce "alamu sun fi karkata ga damuna mai ruwa, amma a irin wannan hasashe ana samun shekara ɗaya cikin biyar da ruwan ke gazawa, don haka kada a zubar da irin da ke nuna da wuri", da manomi ya samu abin aiki. Manomi kullum cikin irin wannan lissafi yake, shi ya sa yake haɗa hatsi da wake da dawa a gona ɗaya. Ki yi masa magana da "a yawancin gonaki", da "a damuna mai ruwa ya fi fitowa", da "wannan ban auna shi ba", za ki ga ya karɓa ba tare da ya raina iliminki ba.

Daga ƙarshe akwai batun yarda, wadda idan ta karye ba mai bincike ɗaya take shafa ba. Maƙwabtanmu na Kano sun ga haka. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya ƙunshi yara kusan 200, yara 11 suka rasu, aka shafe shekaru ana shari'a a kan ko an nemi yardar iyayensu yadda ya kamata. Lokacin da jita-jita ta tashi a kan rigakafin shan inna a 2003, wannan tabo na daga cikin abin da mutane suka riƙa tunawa, aka dakatar da rigakafin a Kano har zuwa Yulin 2004, cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Bincikenki na gona ne, ba ya taɓa jikin kowa, amma ƙa'idar ɗaya ce. Ki faɗa wa mutane wa ya ɗauki nauyin aikinki da inda sakamakon zai je, kada ki ambaci sunan manomi ko ki nuna hoton gonarsa a rediyo ko intanet sai da izininsa, kuma kada ki bari a fahimci cewa wani tallafi na biye da ke idan babu shi.

Game da jerin tafiyar, shawarata ita ce ki fara da garuruwan, sannan ofis, rediyo ya zo a ƙarshe. Mutanen da aka auna gonakinsu bai kamata su fara jin sakamakon a akwatin rediyo ba, kuma tambayoyin da za su yi miki su ne za su cika shafin da za ki kai wa jami'ai, su kuma nuna miki jimlolin da ake yi wa gurguwar fahimta tun kafin ki faɗe su ga dubban mutane. Ki yi ƙoƙari duka ukun su kammala kafin lokacin sassabe, wajen watan Afrilu da Mayu, domin a makonnin nan ne mai gona ke tsayawa da gatari a kan tohon gawo yana shawarar ya bar shi ko ya sare. In kin samu manomi ɗaya ko biyu, mace da namiji, da suka yarda su shiga shirin rediyon tare da ke, ki tafi da su, ki bar su su fara magana.